Sharif Al-Idrisi: Malamin Da Ya Zana Duniya A Fadar Sarkin Sisili

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya zauna ajin labarin ƙasa a cikinmu ya san ƙa'idar farko ta taswira, wato arewa a sama, kudu a ƙasa. To, akwai wata taswirar duniya da aka kammala a shekarar 1154 wadda ta sa kudu a sama, kamar yadda malaman Musulmi na wancan zamani suka saba, har Afirka ta zama kamar rumfa bisa kan Turai. Mai wannan aiki sharifi ne, sunansa Abu Abdullahi Muhammadu Al-Idrisi, kuma ya yi shi ne a fadar wani sarki Kirista da ke tsibirin Sisili, cikin ƙasar Italiya ta yau. Na ga ya dace in kawo muku tarihinsa a wannan fitowa, haɗe da abin da idona ya gane mini a garin da ya zauna, domin rayuwarsa ta ƙunshi wata tambaya da ke jiran kowane mai ilimi: wa zai yi wa aiki, kuma me aikin zai jawo masa?

Asalinsa

An haifi Al-Idrisi wajen shekarar 1100 a garin Sabta, wanda ke gaɓar Afirka ta Arewa, daidai mashigin ruwan da ya raba Maroko da Andalus. Garin yana hannun ƙasar Sifen a yau. Nasabarsa tana tuƙewa ga Idrisu, wanda ya kafa daula a Maroko a 788, daga nan kuma zuwa ga Sayyadina Hasan ɗan Aliyu. Kakanninsa na kusa, wato Banu Hammud, sun mulki birnin Malaga a Andalus, har sun taɓa amsa sunan halifa a Ƙurɗuba. Amma kafin a haife shi sarauta ta riga ta bar gidan. Ya taso da sunan gidan sarauta ba tare da karaga ba, wanda kuwa ke cikin irin wannan hali sarakunan da ke kan mulki ba sa barci a kansa.

Ya yi karatu a Ƙurɗuba, wadda a lokacin ba a rasa malamai da littattafai a cikinta. Tun yana saurayi ya ɗauki tafiya a matsayin mabuɗin ilimi. Ya zaga garuruwan Andalus da na Afirka ta Arewa, ya je har Lizbon, inda ya ga da idonsa yadda mutane ke tsintar zinariya a bakin kogi. Ban da labarin ƙasa, ya ƙware a sanin itatuwa da magunguna, kuma yana taɓa waƙa. Wajen shekarar 1138 ne ya sauka Palermo, babban birnin Sisili, bisa gayyatar Sarki Roja na Biyu.

Tsibirin Da Ya Tarar

Sisili shi ne tsibiri mafi girma a Bahar Rum. Tsakaninsa da gaɓar Tunisiya bai wuce kilomita 150 ba, shi ya sa Larabawa suka san shi tun da wuri, suna kiransa Siƙilliya. A shekarar 827 rundunar Musulmi ta taso daga Tunisiya ta sauka a garin Mazara, ƙarƙashin jagorancin alƙalin Ƙairawan, Asad ɗan Furat, wanda ya yi karatu a gaban Imam Malik a Madina. Palermo ta shiga hannu a 831, Sirakusa a 878, Taormina a 902. Wani matafiyi, Ibn Hauƙal, ya ziyarci Palermo a 973, ya kuma ƙirga masallatai fiye da 300 a cikinta da kewayenta.

Mu da muka taso a ƙasar Malikiyya muna da alaƙa da wannan tsibiri ko da ba mu lura ba. Cikin malamai huɗu da Shehu Halilu ya ambata a farkon Muhtasar a matsayin waɗanda yake dogara da zaɓinsu, biyu daga Sisili ake danganta su: Ibn Yunus As-Siƙilli da Imam Al-Mazari, wanda sunansa ya fito daga wancan gari na Mazara. Ke nan duk zauren da ake karanta Muhtasar a Kano ko Zariya ko Damagaram, ana ambaton Sisili.

Daga baya sarakunan Musulmin tsibirin suka rarrabu, kowa ya kama gabansa, har wani ya nemi taimakon mayaƙan Norman, wato Turawan da asalinsu daga arewacin Faransa ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ya sami wurin shiga. Palermo ta faɗi a 1072, gari na ƙarshe kuma, Noto, a 1091. Malamai da mawaƙa da yawa suka yi ƙaura. Shahararre a cikinsu shi ne mawaƙi Ibn Hamdis, wanda ya bar tsibirin a 1078, ya ƙare rayuwarsa yana waƙoƙin begen gida. Shi Al-Idrisi kuwa, hanyar da wasu suka bi suka fita, ita ya bi ya shiga.

Roja na Biyu, wanda aka naɗa sarki a 1130, mutum ne mai wayo. Ya tarar da ma'aikatan Musulmi sun fi kowa sanin lissafin haraji da rajistar gonaki, sai ya riƙe su. Takardun fada ana rubuta su da Larabci da Girkanci da Latin. Kuɗinsa na zinariya suna ɗauke da rubutun Larabci, har laƙabi irin na halifofi yana da shi. Marubucin tarihi As-Safadi ya ruwaito cewa Roja ya nuna wa Al-Idrisi hatsarin da ke tattare da zaman ɗan gidan halifanci a tsakanin sarakunan Musulmi, ya ba shi tabbacin aminci a wurinsa. Ya yanka masa albashi irin na 'ya'yan sarki. Idan malamin ya zo fada a kan abin hawansa yake shiga, sarki kuma ya miƙe ya tarye shi, su zauna tare.

Aikin Shekara 15

Abin da sarki yake so shi ne cikakken bayanin duniya: garuruwa, hanyoyi, nisan da ke tsakani, tashoshin jiragen ruwa, abin da kowace ƙasa ke nomawa da abin da take sayarwa. Aka fara da littattafan magabata, irin su Batalimus na Girka da Al-Mas'udi da Ibn Hauƙal, sai aka tarar suna saɓa wa juna. Daga nan aka ɗauki wata hanya wadda ita ce ta ɗaukaka aikin. Palermo tasha ce da jiragen ruwa ke zuwa daga ko'ina. Duk matuƙin jirgi ko falke ko mahajjacin da ya san wata ƙasa, sai a kawo shi fada, a yi masa tambayoyi ta bakin tafinta. Ana tambayarsu a haɗe, ana kuma tambayarsu ɗaya bayan ɗaya. Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai a rubuta, abin da suka saɓa a kai a ajiye shi gefe. Wanda ya san yadda malaman hadisi ke tace ruwaya zai gane inda wannan tarbiyya ta samo tushe. Haka aka yi ta yi har kimanin shekara 15.

Da aka gama tattarawa, sai aka zana duniya a kan wani babban faifai na azurfa zalla mai nauyin radali 400. Wannan faifai bai kawo zamaninmu ba. Abin da ya kawo shi ne littafin da aka rubuta don ya yi masa sharhi, mai suna Nuzhatul Mushtaƙ fi Ihtiraƙil Afaƙ, wato abin shaƙatawar mai begen ratsa sassan duniya. Larabawa sun fi kiransa Littafin Rujar, da sunan sarkin. An kammala shi a watan Shawwal na 548 bayan Hijira, daidai da Janairun 1154. Makonni kaɗan bayan haka, cikin Fabrairu, Sarki Roja ya mutu.

Al-Idrisi ya tabbatar a littafin cewa duniya a dunƙule take, ya kamanta zamanta a sararin samaniya da na gwaiduwa a cikin ƙwai. Ya raba ɓangaren da mutane ke zaune zuwa yankuna 7 daga kudu zuwa arewa, kowane yanki ya kasa shi kashi 10 daga yamma zuwa gabas. Kowane kashi yana da taswirarsa da bayaninsa, jimla 70 ke nan. In aka jera su gefe da gefe sai duniya ta fito, tun daga Ingila har Sin. Babu malamin Larabawa da ya riga shi kawo bayanin cikin Turai dalla-dalla kamar haka, domin shi ne ya zauna inda Turawan ke zuwa da kansu.

Ƙasashenmu A Littafinsa

Al-Idrisi bai taka ƙasar Sudan ta Yamma ba, amma ya ji labarinta daga fataken da ke ratsa Sahara. Ya yi bayanin Takrur da Gana da Kaukau, wato Gawo. Ya ce sarkin Gana na zamaninsa Musulmi ne, kuma a fadarsa akwai curin zinariya mai nauyin radali 30 wanda ake ɗaure dokin sarki a jikinsa. Ya ambaci garuruwan Kanem guda biyu, Manan da Anjimi, ya kuma yi bayanin yankin Kawar, da ke cikin Jamhuriyar Nijar ta yau, da irin alif ɗin da ake haƙa a can ana kai wa Masar da Wargala. Bai ɓoye cinikin bayi da ake yi a waɗannan hanyoyi ba. Sunan Kano da na Katsina ba su fito a littafin ba, domin a lokacin manyan ayarin Sahara ba su riga sun juyo ta kansu ba.

Hanyarsa ta tace labari tana da iyaka. Idan shaidu duka sun gaji kuskure guda, to bakinsu zai zo ɗaya a kan kuskuren. Haka ta faru game da koginmu. Ya zana wani kogi da ya kira Nilun Sudan, ya ce mafarinsa ɗaya da Nilun Masar, yana gangarawa yamma har ya faɗa teku. Wato ya haɗa kogin Sanagal da kogin Kwara ya mai da su guda. Masu zanen taswira a Turai sun daɗe suna bin wannan ra'ayi, sai a 1796 Mungo Park ya ga Kwara na gangarawa gabas, a 1830 kuma 'yan'uwan nan biyu, su Lander, suka bi shi har bakin teku.

Abin Da Na Gani A Palermo

Wata shekara kwas ya kai ni Rum, na sami hutun 'yan kwanaki, na ce gani ya kori ji. Na shiga jirgin ƙasa zuwa kudu. A mashigin Messina sai aka rarraba taragun aka tura su cikin jirgin ruwa, muka haye muna zaune, sannan aka sake haɗa su a ɗaya gaɓar.

Fadar da Al-Idrisi ya yi aiki a cikinta tana nan tsaye, a cikinta majalisar dokokin Sisili ke zama. A hawa na sama akwai ƙaramin cocin sarki, wanda aka keɓe a 1140. Bangonsa zanen Girkawa ne na ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya. Amma in ka ɗaga kai sai ka ga rufin katako mai siffar saƙar zuma, aikin magina da masu zane na ƙasashen Musulmi, da hotunan makaɗa da masu dara, da rubutun Larabci irin na Kufa a kewaye. Kusa da ƙofar akwai wani dutse na 1142 da ke bayanin agogon da sarki ya sa aka ƙera, da Latin da Girkanci da Larabci, kowane harshe da lissafin shekararsa, Larabcin ya ce 536. Na daɗe a gaban dutsen nan ina tunanin cewa malamin namu yana garin lokacin da aka sassaƙa shi.

Daga fada in ka gangara babban titin da mutanen gari ke kira Cassaro, wato Al-Ƙasar, za ka iske babban cocin birnin, wanda a zamanin Musulmi nan ne masallacin Juma'a. A jikin wani ginshiƙi na ƙofar kudu akwai aya daga Suratul A'araf, a sassaƙe, an bar ta yadda take. Kabarin Roja yana ciki. Can gaba akwai cocin Martorana, wanda Jurji na Antakiya, sarkin jiragen ruwan Roja, ya gina a 1143. Laƙabinsa Amirul Umara, kuma daga kalmar amir ne Turawa suka samo sunan da suke kiran babban hafsan sojan ruwa. A gefensa akwai wani coci mai jajayen ƙubbobi uku, wanda in ka hango daga nesa za ka rantse masallaci ne. A shekarar 2015 Hukumar UNESCO ta sa gine-gine 9 na wancan zamani cikin kayan tarihin duniya, 7 a Palermo, sai manyan cocin Cefalù da Monreale.

Ba a gini kaɗai alamar ta tsaya ba. Unguwar Kalsa sunanta daga Al-Halisa ne. Garin Marsala ya samo farkon sunansa daga marsa, wato tasha. Duk garin da sunansa ya fara da Calta, kamar Caltanissetta, to ƙal'a ce, wato ganuwa. A kasuwar Ballarò na tarar da 'yan tireda da masu kifi suna rera tallarsu da ƙarfi, kowa da muryarsa, sai ka ce Kurmi ana gobe Salla. Na ci wani soyayyen abu na garin wake da suke kira panelle, ɗan'uwan ƙosai ne sosai, a cikin burodi ake sa shi. Lemon tsami da rake duk a zamanin Musulmi suka yaɗu a tsibirin, tare da dabarar jawo ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, wadda ramukanta ke nan a ƙarƙashin birnin. A yammacin tsibirin, wajen Trapani, kuskus da romon kifi shi ne abincin alfahari.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne batun taliya. Al-Idrisi ya rubuta cewa a garin Trabia, kimanin kilomita 30 gabas da Palermo, ana yin wani abinci na fulawa mai kamar zare, mai suna itriyya, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Wannan yana cikin shaidu mafi daɗewa na sana'ar busasshiyar taliya a Italiya, shekara 140 kafin Marko Polo ya komo daga Sin a 1295. Duk wanda ya ce maka daga Sin ya kawo musu ita, ka tura shi ga sharifi.

Kuɗin Da Ya Biya

Kada mai karatu ya ɗauka zaman nan na Palermo zuma ce zalla. Sarkin da ke miƙewa don girmama malami shi ne kuma yake aika jiragen yaƙi gaɓar Afirka. Ya kama tsibirin Jarba a 1135, Tarabulus a 1146, Mahdiyya da Safaƙus da Susa a 1148. Galibin wannan yana faruwa ne Al-Idrisi na zaune yana rubuta nisan tashoshin waɗannan garuruwa, yana kuma yabon sarkin a gabatarwar littafinsa. Taswira kuwa kamar wuƙa ce, falke na amfani da ita, mayaƙi ma haka. A 1153 aka ƙone wani babban bafade, Filibus na Mahdiyya, bisa zargin yana Musulunci a ɓoye. A 1161, zamanin Sarki Wiliyam na Ɗaya, tawaye ya tashi, aka wawashe fada, aka karkashe Musulmi a titunan Palermo. Al-Idrisi ya ga farkon rushewar inuwar da ya fake a ciki. Galibin marubuta tarihi suna sanya rasuwarsa a wajen 1165.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Daga shekarun 1220 zuwa 1246 Sarki Firedirik na Biyu, jikan Roja, ya kwashe sauran Musulmin tsibirin zuwa garin Lucera a kudancin Italiya, a 1300 kuma aka tarwatsa wannan zango, aka sayar da mutanensa bayi. Larabcin Sisili ya mutu a Sisili, sai dai reshensa ya rayu a tsibirin Malta, inda ya zama harshen ƙasar har yau.

Shi kansa malamin, zama da maɗaukin kanwa ya jawo masa farin kai. Marubutan tarihin malamai na ƙasashen Musulmi, waɗanda ba sa barin ko ƙaramin malami ba su rubuta shi ba, kaɗan ne suka kula da shi, kuma masana da dama na ganin hidimar da ya yi wa sarki Kirista ce sanadi. Duk da haka an ci moriyar aikinsa. Ibn Haldun ya dogara da littafinsa wajen bayanin yankunan duniya a Muƙaddima, Ibn Baiɗar kuma ya ɗebo daga littafinsa na itatuwa, wanda a ciki yakan kawo sunan magani guda da harsuna da yawa. A Turai ma sunansa ya ɓata. An buga taƙaitaccen littafin da Larabci a Rum a 1592, aka fassara shi zuwa Latin a Paris a 1619, amma masu fassarar suka yi tuntuɓe da wata kalma a bayanin kogin Nilu, suka zaci marubucin mutumin Nuba ne. Shekaru masu yawa Turawa na kiransa Banube mai labarin ƙasa.

Gaskiya dai ba ta tsufa. An fassara littafin duka zuwa Faransanci tsakanin 1836 da 1840. A shekarun 1920 wani Bajamushe, Konrad Miller, ya haɗa taswirorin nan 70 wuri guda, kuma hoton da ya fitar shi ne wanda ake gani a littattafan makaranta. An buga cikakken matanin Larabcin a Italiya tsakanin 1970 da 1984. Kwafe-kwafensa na rubutun hannu suna ajiye a Paris da Oxford da Istambul da Alƙahira. A Sabta an kafa masa mutum-mutumi, a 2017 kuma masana taurari suka raɗa wa wasu duwatsu da ke duniyar Pluto sunansa.

A nawa ganin, ba mu da hurumin yanke masa hukunci cikin sauƙi. Da ya zauna inda ake farautar 'yan gidansu, da wataƙila ba mu ji ko sunansa ba. Da kuma ya yi wa sarki aikin ganin ido, da littafin ya bi faifan azurfa. Da yawa daga cikinmu sun yi aiki ƙarƙashin shugabannin da ba su suka zaɓa ba, sun kuma san nauyin abin. Wanda Allah ya sa a irin wannan matsayi, abin da ya rage a hannunsa shi ne ingancin aikinsa: ya tambaya, ya sake tambaya, ya rubuta abin da ya tabbata. Sarautar Roja ta ƙare, amma bayan shekara fiye da 870 ana buɗe littafin sharifi don a san yadda Gawo da Kawar da Palermo suke a zamaninsa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.